Wurin Da Zakari Ya Ba Taubashinsa Riƙo

Batir ne ya kai Zakari ɗakin, ba karatu ba. An kira maigidansa mai aikin sola daga wata ƙaramar cibiyar bincike a Kano aka ce wutar sola tana ɗaukewa, maigidan ya ce, "Je ka duba musu, kai da ka yi boko." Ya ɗau jakar kayan aiki ya tafi. Ya tarar da ɗaki mai sanyi, injuna suna gunji a kusurwa, wata mata siririya mai tabarau tana tsaye kansu kamar mai jinya. Ya durƙusa ya gano waya ce ta saki, ya ɗaure. Da ya miƙe sai idonsa ya faɗa kan allon kwamfuta. Wasu abubuwa ne rabi ja rabi shuɗi, dubbai, suna ta mutsu-mutsu cikin akwati.

"Hajiya, waɗannan tsutsotsin fa?"

"Ba tsutsa ba ce, malam. Roba ce."

"Robar da rabinta ba ya son rabinta?"

Matar ta cire tabarau ta dube shi. Ta tambaye shi yaya aka yi ya sani. Ya ce ai ga shi nan, ja yana gudun shuɗi amma an ɗaure su. Ya kuma gaya mata ya karanta ilimin sinadarai a Damagaram har ya ɗau lisans, wato digirin farko, sai dai da Faransanci. Ta ce sunanta Dakta Sadiyya, kuma ƙwayar zarra ba ta jin Faransanci ba ta jin Turanci, ya dawo gobe idan yana so.

Zakari ɗan Matamaye ne, can ƙasar Damagaram. Ubansa Malam Alasan ya yi rayuwarsa rabi a gona rabi a teburin shayi a Kano. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu sai ya bi ta iyakar Maimujiya ya tafi ci-rani, da hadari ya fara haɗowa ya dawo. Teburin kuwa bai taɓa zama babu mutum ba, saboda mutanen garin suna da tsarin da suke kira riƙon wuri. Mai komawa noma yakan bar wa wani ɗan'uwa wurinsa, shi kuma ya nome gonar wanda ya zauna tare da tasa. Da kaka kowa ya karɓi abinsa. Babu takarda, babu shaida. A kan haka masu gadi da ƴan garuwa da masu wankin hula na Matamaye suka riƙe wurarensu a biranen Najeriya tun zamanin kakanni. Zakari ya tashi ya tarar da abin kamar yadda ya tarar da rijiyar unguwarsu, bai taɓa tunanin akwai wanda sai an yi masa bayaninsa ba.

Shi kaɗai a gidan aka bari ya yi nisa a lekol, wato makarantar boko. Ya dawo da takardar lisans, ya jira aiki har ya gaji da jira. Ya auri Basira, gwiwoyin ubansa suka ƙi, sai ya ɗau buhun uban ya bi hanyar da uban ya saba bi. Sola ya koya, domin ita ce ke ba da abinci.

Abin da Dakta Sadiyya take yi ba shi da wuyar faɗa, yinsa ne wuya. Roba, in ka bi ta har ƙasa, zare ne dogaye na ƙwayoyi. Akwai irin da ake haɗa zare biyu baki da baki, ɗaya ba ya jituwa da ɗaya, kamar mai da ruwa. Da a sake suke, da kowa ya kama gabansa. To a ɗaure suke, saboda haka iyakar abin da za su iya shi ne ja ya matsa kusa da ja, shuɗi kusa da shuɗi, har su jera kansu ba tare da kowa ya taɓa su ba. Wani lokaci su yi hawa-hawa, wani lokaci dunƙule-dunƙule, wani lokaci sanduna a tsaye reras kamar saƙar zuma. Wannan na ƙarshen take nema. In aka narkar da sandunan sai a sami fata mai ƙananan ramuka duk girmansu ɗaya, wadda za ta tace ruwan sha.

Haɗa robar da gaske yana cin kayan da cibiyar ba ta da su, shi ya sa ake fara gwadawa cikin kwamfuta. Ita ma kwamfutar ba za ta iya bin kowace ƙwaya ba, sai duniya ta tashi ba ta gama ba. Don haka ake tara ƙwayoyi da yawa a ce su zama dutsen carbi guda, a jera duwatsun su zama zaren. Ranar da ta yi masa wannan bayani Zakari ya ce, "Wato dami ake ƙirgawa, ba tsabar gero ba." Ta ce ƙwarai, ta rubuta maganar a gefen allo.

Aikinsa shi ne ya shirya akwatin, ya zuba zaruruwan, ya faɗa wa injin tsawon ja da tsawon shuɗi da yawan ƙiyayyar da ke tsakaninsu, ya sake shi ya yi ta girgiza su. Gwaji ɗaya yakan ɗau makonni. Dole wani ya zauna kusa, ya riƙa ajiye inda aka tsaya, domin in wuta ta ɗauke ba a ajiye ba an koma farko. Ya yi kurakurai da yawa. Ya taɓa ɓata wata guda saboda ya yi akwatin da faɗinsa bai dace da tazarar sandunan ba, suka fito a karkace kamar karan da iska ta kayar. Dakta ta yi masa faɗa sosai, ya haɗiye, ya sake.

Ranar da saƙar zuma ta fara fito masa tsaf, ya daɗe a tsaye yana kallo. Jiya hargitsi ne, yau ga ramuka a jere, ba wanda ya sa musu hannu. Ya fita waje ya kira Basira yana ta zuba mata bayani. Ta saurara har ya gama, ta ce, "To madalla. Ka dai ci abinci?"

Matsalar ɗaya ce, damina. Da ruwa ya sauka a Matamaye Zakari sai ya tafi, domin in bai noma ba gidan Malam Alasan ba zai ci ba. Daminar farko da ta biyu Dakta ta bar injunan a hannun ɗalibai, ɗalibai suka bar su suka mutu. A rani na uku ta zaunar da shi ta ce an kusa ba cibiyar tallafi daga waje. A cikin tallafin akwai gurbin ma'aikaci guda na dindindin, da damar yin digiri na biyu.

"Gurbin naka ne, Zakari. Ba ni da wani. Amma kada ka sake barin mini injunan nan marayu."

Abin da ya jira tun da ya fito daga Damagaram ke nan. Ya ce mata bana ba za su yi maraici ba, zai kawo mutum.

Mutumin shi ne Ɗahiru, ɗan gwaggonsa Hajara, ƙanwar ubansa. Taubashinsa ne, wato abokin wasa na jini, wanda al'ada ta yarda su zagi juna su ƙwaci abin juna, kuma ba a fushi. Tun suna yara Zakari yake ce masa bawa, shi kuma yana ce masa ubangidan da ko akuya ba shi da ita. Ɗahiru ya karanta aikin kwamfuta, yana zaune a gida yana tura wa mutane waƙoƙi a waya. Ubansa ya rasu, shi ke nome gonar uwarsa. Aka yi magana a zauren Malam Alasan yadda aka saba: Ɗahiru ya riƙe wuri, Zakari ya riƙe gona.

Zakari ya kai shi Kano ya koya masa komai, har abin da shi sai da ya sha faɗa ya gane. Ɗahiru yana da kai, ya ɗauka da wuri. Ranar tafiya Zakari ya ce wa Dakta, "Ga ƙanena nan zai riƙe mini." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce mata riƙo yana da ranar mayarwa ba, bai ce mata akwai gona a ɗaya ɓangaren ba. A ganinsa kalmar ta isa.

Ya dawo gida ya yi shuka gona biyu. Gonar gwaggo tana hanyar Dungu, jigawa ce mai nisa, sai ya fara da ita da sassafe kafin ya juyo tasu. Ya yi noman firi, wato na farko, ya shiga maimai, bayansa ya riƙe har Basira tana gasa masa da ruwan zafi. Ɗahiru yakan kira shi lokaci-lokaci.

"Ubangida, kujerarka fa ta saba da ni. Jiya na ji tana cewa wancan baƙauyen kada ya dawo."

"Ka shafa mata mai, bawa. Ina nan tafe."

Wata rana tsakiyar damina, yana hutawa a inuwar kanya a gonar gwaggon, hauya a gefensa, wayar ta yi ƙara. Ɗahiru ne, yana dariya tun kafin ya yi sallama.

"Yau dai bawa ya gaji gidan ubangiji. Takardar Turawa ta zo, Hajiya ta ce suna take so. Na ce ga ni. Zan cinye gurbin nan naka, in bar maka hauya."

Zakari ya yi dariya har ya ƙware. "Ci, ɗan banza. Ci ka ƙoshi. In na zo na amayar da kai."

"Ka ce na ci?"

"Na ce ka ci mana."

Suka yi sallama. Ya koma bakin aikinsa yana murmushi, har da yamma ya ba Basira labari, ita ma ta yi dariya. Ɗahiru ya taɓa cewa ya sayar da babur ɗinsa, ya taɓa cewa ya aure masa mata. Wannan ma ɗaya ce daga ciki.

Damina ta yi kyau. Ya yanke geron gwaggo ya ɗaure ya kai mata har rumbu, sannan ya yi nasu. Ta sa masa albarka har da hawaye. Ya bi ta Maimujiya ya koma Kano da sabuwar riga.

Ya tarar da Ɗahiru a kujerar, da kati rataye a wuya mai hotonsa. Ɗahiru ya miƙe ya ce bari ya je ya sayo ruwa, bai dawo ba. Dakta Sadiyya ta karɓi Zakari da fara'a, ta tambayi mutanen gida, ta nuna masa sabbin sakamako. Sannan ta ce ta ji daɗi da bai manta da su ba har ya kawo ziyara.

"Ziyara, Hajiya? Aiki na dawo."

Fara'ar ta ɗauke. Ta ce masa takardar tallafi ta zo tsakiyar damina, masu bayarwa suka ce a aika suna kafin wata ya ƙare. Ta nemi layinsa bai shiga ba, ta ce wa Ɗahiru ya neme shi. Ɗahiru ya kira shi a gabanta, ta ji muryarsa da kunnenta yana cewa ya ci.

"Wasa ne, Hajiya. Taubashina ne."

"Na san wasan taubasai, mu ma muna yi. Shi ya sa na sake tambayarsa bayan ya kashe wayar. Ya ce kun riga kun gama magana tun a gida, kai noma ya riƙe ka, ka bar masa."

Zakari ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya yi mata bayanin riƙon wuri, abin da ya kamata ya yi tun kafin ya tafi. Ta saurara tana juya tabarau a hannu. Da ya gama ta ce sunan ya riga ya tafi, an yi wa Ɗahiru rajistar karatu, amma in ta rubuta ta ce an yi kuskure wataƙila a saurare ta.

"Sai dai zan tambaye ka abu ɗaya, kuma gaskiya nake so. Damina mai zuwa za ka zauna?"

Ya san amsar da za ta mayar masa da kujerar. Ya kuma san gwiwoyin ubansa, da ƙannensa mata, da cikin da Basira take ɗauke da shi. A da ya yi niyya in gurbin ya tabbata ya riƙa ɗaukar ƴan ƙwadago, amma wannan sai bayan shekara ta zagayo albashi ya zauna, ba daminar da ke tafe ba.

"Ba zan iya ce miki e ba."

"Shi ya ce zai zauna shekara duka."

"Zai iya mana. Ni ke nome masa gonar uwarsa."

Ta ce ta yi baƙin ciki, kuma da alama gaskiya ta faɗa. Ta ce in batir ya sake ba da matsala shi za a kira. Ya yi mata godiya ya fita.

Da la'asar ya sami Ɗahiru a shagon da ƴan Matamaye suke taruwa, wajen Alhaji Idi mai hula, wanda shi ne babbansu a Kano kuma shi ke raba musu rigima. Ɗahiru ya gan shi ya washe baki.

"Ga ubangidana nan, ya zo karɓar fansa."

Ba wanda ya yi dariya sai mutum ɗaya, shi ma ya katse. Zakari bai dube shi ba. Ya gaida Alhaji Idi ya faɗi abin da ya faru, bai ƙara ba bai rage ba. Alhaji ya juya ga Ɗahiru.

"Kai, haka aka yi?"

"Baba Alhaji, na gaya masa. Ku tambaye shi in ban gaya masa ba. Da bakinsa ya ce in ci."

"Da wace murya ka gaya mini?" in ji Zakari. "Ka san muryar da za ka yi in tsaya in saurara. Ka zaɓi wadda ka san zan yi dariya."

Ɗahiru ya sunkuyar da kai yana wasa da katin wuyansa. Can ya ce, a hankali, "Da ban karɓa ba wani Bakano za a ba. Kai ba za ka zauna ba, kowa ya sani. Gara ya tsaya a gida."

"A gidan wa?"

Alhaji Idi ya yi gyaran murya. Ya ce da teburin shayi ne ko gadi, da yanzu ya sa Ɗahiru ya tashi. Amma wannan aikin takarda ne, hannunsa bai kai can ba. Ban da haka, shi tun da yake bai taɓa zama shari'a tsakanin taubasai ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. "Ku jini ɗaya ne. Ka yi haƙuri, Zakari. In ya samu, kai ka samu."

Zakari ya ce ya ji. Ya juya ya ce wa Ɗahiru, ba da wasa ba, "Riƙo ya ƙare. Damina mai zuwa ka zo ka nome gonar uwarka, ko ka aiko wanda zai nome." Ɗahiru ya ɗaga kai yana neman abin dariyar da ke cikin maganar, bai samu ba.

Ranin nan Zakari ya koma hawa rufin mutane yana ɗaura sola. An kira shi daga cibiyar sau ɗaya, ya tura wani.

Da ruwan shuka ya sauka, gwaggo Hajara ta shigo gidansu da ƙwaryar iri a kai, kamar yadda ta yi bara. Ta gaida yayanta Malam Alasan, ta ɗauki jaririn Basira ta yi masa rawa, sannan ta ce wa Zakari gobe sai a fara da tata tun ƙasa tana da laima.

"Gwaggo, bana babu wanda yake riƙe mini komai. Na gaya wa Ɗahiru tun da rani."

"Ya ce wasa kake."

"Ba wasa nake ba."

Ta ajiye jaririn. "Ni fa ƙanwar ubanka ce, Zakari. Ni na goye ka."

"Na sani, Gwaggo. Rumbuna naki ne, duk ranar da kika so ki aiko a ɗiba. Gonar ce ba zan shiga ba."

Malam Alasan ya kira sunansa daga kan tabarma, sau biyu. Zakari ya ce, "Baba, ka gafarce ni," ya ɗau sungumi ya fita.

Ɗahiru bai zo ba, bai kuma aiko kowa ba, domin har ranar yana jiran taubashinsa ya huce. Gwaggo ta shuka abin da ƙarfinta ya kai, wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran ciyawa ta rufe. Gonar tana bakin hanya, duk mai zuwa kasuwa daga Dungu sai ya gan ta, ya kuma tambayi ta wace ce. Ba wanda ya ga ɗakin injuna na Kano, amma kowa ya ga tsohuwa a duƙe ita kaɗai cikin rana. Aka ce boko ya ɓata ɗan Malam Alasan. Aka ce hassada yake yi wa ɗan'uwansa don Allah ya ɗaga shi. Liman ya yi masa magana bayan sallar Juma'a, ya saurara, ya ce ya gode, bai shiga gonar ba.

Da kaka ya loda dammuna daga nasa geron a amalanke ya kai ƙofar gidanta da kansa. Ta fito ta nuna wa masu saukewa inda za su jera, ta tsaya har suka gama. Zakari ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ina wuni." Ta gyara mayafinta ta shige ciki.